Aukin Aiki: Tambayoyi da Amsoshi ga Manoma, Masu Sana'a da Ma'aikata

A taron bita na malaman gona, a jawabin kwamishina, ko a bakin manajan banki idan mai sana'a ya je neman rance, akwai kalmar Turanci da ba ta rasa fitowa, wato productivity. Masu fassara a rediyo kowa da yadda yake juya ta: wani ya ce ƙwazo, wani ingancin aiki, wani yawan samarwa. A nan mun kira ta aukin aiki, mun kuma tattaro tambayoyin da mutanen Zariya da kewaye suka fi yi a kanta.

Mene ne aukin aiki?

Shi ne yawan abin da ya fito idan aka auna shi da abin da aka zuba. Kowace uwargida ta san shinkafa mai auki: tiya ɗaya ta wannan ta ciyar da gida har a bar na ɗumame, tiya ɗaya ta waccan ko rabin tukunya ba ta kai ba. Awo ɗaya, itace ɗaya, amma abin da aka kwashe ya bambanta. Haka aiki yake. Abin da ake zubawa shi ne lokaci, ƙarfi, fili, taki, mai da kuɗi. Abin da ke fitowa kuwa buhunan hatsi ne, ko rigunan da aka ɗinka, ko ƙofofin da mai walda ya haɗa. A raba na biyu da na farko, abin da aka samu shi ne auki: buhu nawa a hekta ɗaya, riga nawa a yini ɗaya, kilomita nawa a lita ɗaya.

Ashe ba wanda ya fi tara amfani ne ya fi auki ba?

A'a, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. A ce manoma biyu ne a hanyar Giwa. Na farko ya noma hekta 5 ya ɗauke buhu 75 na masara. Na biyu hekta 1 kacal gare shi, ya ɗauke buhu 40. A kasuwa sunan na farko za a ji, shi ne mai cika mota. Amma kowace hekta tasa buhu 15 ta ba shi, ta ɗan'uwansa kuwa 40. Na farko ya biya huɗar hekta biyar, noman firi da maimai na hekta biyar, ya kuma yi feshin hekta biyar. In aka zauna aka yi lissafi, ba mamaki mai ƙaramar gonar ne kwalliyarsa ta biya kuɗin sabulu.

Malam, idan aka ce aukin aikinmu ya yi ƙasa, ba ana nufin mu ragwaye ne ba?

Wannan tambaya ta fi kowacce ci mini rai, domin akwai masu faɗin haka a kan mumbarin taro, kuma zalunci ne. Duk wanda ya ga ɗan ƙwadago a tsakiyar Yuli, tun hantsi yana duƙe da fartanya har la'asar, ko ya ga mai dako a kasuwar Sabon Gari da buhu a wuya, ba zai buɗe baki ya kira mutanen nan ragwaye ba.

Ga abin da alƙaluma suke nunawa. A Najeriya matsakaicin abin da hekta ɗaya ta masara take bayarwa bai wuce kusan tan 2 ba, wato buhu 20 masu kilo 100. A Afirka ta Kudu ana samun wajen tan 5. A Amurka ya haura tan 10. Manomin Amurka bai fi na Soba ko na Hunkuyi zubar da gumi ba. Hasali ma a zaune yake cikin tarakta. Abin da ya fi shi da shi iri ne, da taki a kan lokaci, da inji, da hanya, da rumbun ajiya, da rance mai sauƙi. Ko a cikin ƙauye ɗaya ana ganin wannan: huɗar da mai garmar hannu zai kwashe kwanaki yana yi, mai garmar shanu ya gama ta da wuri, mai tarakta kuma kafin azahar ya wuce gona ta gaba. Wanda ya fi shan wahala a cikinsu shi ne mafi ƙarancin auki.

Haka abin yake a gari. Telan da ke Tudun Wada ya buɗe shago da safe, aka ɗauke wuta, ya zauna jira, ko ya ta da janareta mai ya cinye ribar. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan zaɓi ya ƙara ɗaci. Awannin da ya yi a zaune suna cikin lissafi, su ne suke ja da aukinsa ƙasa, alhali ba shi ya zaɓi zaman ba. Ƙwazo hali ne na mutum. Auki kuwa ƙwazo ne haɗe da kayan aiki, da sani, da tsarin da mutum ya tsinci kansa a ciki.

Wannan bai wanke kowa da kowa ba. Akwai ma'aikacin da sai hantsi ya dubi ludayi yake isa ofis, akwai bakaniken da zai karɓi mota biyar alhali ɗaya yake iya gamawa. Sai dai ba a yi wa al'umma guda hukunci da halin waɗannan.

Yaya zan auna nawa?

Da littafi da biro. Ka zaɓi abu ɗaya da kake fitarwa, da abu ɗaya da ya fi ci maka kuɗi ko lokaci, ka riƙa rubutawa kullum. Mai injin niƙa ya rubuta tiya nawa ya niƙa da lita nawa ta gas. Mai adaidaita sahu ya rubuta abin da ya tara da man da ya sha da awannin da ya yi a titi, ya kuma ware na hanyar Samaru daban da na Kofar Doka daban. Bayan wata guda zai ga abin da ƙwaƙwalwa ba ta riƙe masa ba.

Manomi yana da ƙarin aiki guda biyu. Na farko, ya san girman gonarsa na gaskiya. Da yawa suna cewa "eka biyu ce" don haka suka ji daga iyaye, ba a taɓa aunawa ba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi, kuma yanzu da wayar hannu ma ana iya zagaye gona a san faɗinta. Wanda bai san girman gonarsa ba, ko dai ya ƙware ta a taki ko ya yi ɓarna. Na biyu, ya san nauyin buhunsa, domin buhu suna ya tara.

To me ke ƙara aukin gonar masara a ƙasar Zazzau?

Mu mutanen Zariya amsar tana bakin ƙofarmu. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 tashar ta koma ƙarƙashinta, ita ce Cibiyar Binciken Aikin Gona da aka fi sani da IAR. Daga nan irin da sunansu ya fara da SAM suke fitowa: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, SAMCOT na auduga. A cikin na masarar akwai masu nuna da wuri, akwai masu jure fari, akwai masu jure ƙuduji. Abin takaici ne a ce mutum ya taso daga wata jiha ya sayi irin nan, manomin da ke 'yan kilomitoci daga Samaru kuwa yana ɗibar iri daga rumbu shekara da shekaru.

Bayan iri sai tazara. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka, tsiro ɗaya a rami. Wannan yana ba da tsiro kusan 53,000 a hekta. Ka shiga gonaki da yawa ka ƙirga, za ka tarar ba su kai haka ba: an yi taku mai faɗi wajen shuka, wasu ramukan ba su tsiro ba, ba a kuma yi ƙari ba. Filin da babu tsiro a kansa an biya kuɗin huɗarsa da nomansa, bai ba da ko zangarniya ɗaya ba.

Sai taki. Ga yankinmu ana ba da shawarar buhu 8 na kamfa mai lamba 15-15-15 da buhu 2 zuwa 3 na yuriya a hekta. Na san tsadar taki ta sa wannan ya gagari mutane da yawa. To a nan ne fahimtar auki take da amfani: wanda buhu huɗu kawai ya iya saya, gara ya zuba su a rabin hekta ya kula da ita sosai, ragowar filin ya sa waken suya ko gyaɗa, da ya barbaɗa su a hekta biyu kowace shuka ta ɗanɗana ba ta ƙoshi ba. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Kamfa a farkon tsiro, cikin mako biyu na farko. Yuriya a mako na huɗu zuwa na shida. Kuma a tona a binne. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa, wani kaso nata iska ke tafiya da shi, wani ruwa ya wanke. Takin gargajiya na shanu da na kaji yana riƙe danshi yana kuma gyara ƙasar da ta gaji, abin da na zamani ba ya yi.

Tun 2016 kuma tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo ƙasar nan, don haka zagayen gona da sassafe ya zama dole. Manoman da suka haɗa waɗannan abubuwa suna ɗauke tan 5 ko fiye a hekta, a ƙasa ɗaya da ruwan sama ɗaya da maƙwabtansu.

Shin rage abin da ake kashewa ma ƙarin auki ne?

Ƙwarai kuwa. Misali wake SAMPEA 20-T da IAR ta fitar a ƙarshen 2019, wanda aka gyara ƙwayar halittarsa don ya jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Babbar fa'idar da aka yi shelarsa a kai ita ce feshi: maimakon sau shida zuwa takwas, sau biyu ya wadatar. Akwai muhawara kan irin da aka gyara ta wannan hanya, kuma kowane manomi yana da 'yancin zaɓi, amma ta fuskar lissafi abin a fili yake.

Asarar bayan girbi ita ma haka. Waken da ƙwari suka huda a ɗaki, tumatirin fadamar Galma da ya ruɓe a kwando kafin mota ta zo, duk an riga an biya musu taki da ƙwadago. Buhu mai ɓawo uku da ke toshe iska yana kashe ƙwarin wake ba tare da an zuba magani ba. Manomin da ya tsare buhu biyu daga lalacewa daidai yake da wanda ya noma ƙarin buhu biyu, kuma shi bai sake duƙawa ba.

Idan na ƙara awannin aiki, ba shi ke nan ba?

Jimlar abin da ka yi tana iya ƙaruwa, amma abin da kowace awa take bayarwa raguwa yake yi. Teloli sun fi kowa sani. Goman ƙarshe na azumi ana kwana a kan keke, kuma a nan ne ake yanka shaddar mutane ba daidai ba, a haɗa hannun riga a karkace, a farke a sake. Aikin da aka yi sau biyu lokacinsa biyu ne, kuɗinsa ɗaya.

Masu masana'antu sun daɗe da gano wannan. A 1913 kamfanin Ford a Amurka ya shigo da layin haɗa mota mai tafiya, inda aiki ke zuwa wurin ma'aikaci yana tsaye a gurbinsa. Haɗa gangar mota da ke cin sama da awa 12 ya dawo kusan awa ɗaya da rabi. Tsarin aikin aka sauya, ba a tsawaita yini ba. A 1926 ma kamfanin ya koma aikin kwana biyar a mako. Kafin nan, a 1919, yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a yini da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu.

A jiharmu, daga Disambar 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta mayar da ma'aikata zuwa ofis kwana huɗu a mako, Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 8 zuwa 5. Cikin dalilan da ta bayar har da ƙara aukin aiki da bai wa ma'aikaci lokacin iyali da na gona. A ganina hukuncin irin wannan tsari yana hannun mai zuwa ofis da buƙata: takardar da yake jira ta fi saurin fitowa, ko kuwa Juma'a ce kawai ta ƙaru a kan kwanakin jiransa?

Mai ɗinkin hannu yakan yi makonni a kan babbar riga ɗaya, mai inji ya gama da yawa a lokacin. Ke nan na hannu ba shi da auki?

In da ƙirga riguna ne kawai, haka ne. Amma ba kaya iri ɗaya suke fitarwa ba. Birnin Zariya ya yi suna a ɗinkin babbar riga na hannu, maza a zaure da mata a cikin gida, kuma aska takwas da aka zauna aka yi da allura tana da masu nemanta da farashinta daban. Idan kaya sun bambanta a daraja, da kuɗi ake aunawa: a cire kuɗin yadi da zare daga farashin riga, a raba abin da ya rage da kwanakin da aka yi.

Idan aka yi wannan lissafi, wani abu mai zafi yakan bayyana. Rigar tana da daraja a Abuja ko Kano, amma abin da ke isa hannun wadda ta yi ɗinkin kaɗan ne, galibin ribar tana tsayawa wurin masu kai da kawowa. Aikinta yana da auki, rabonta ne ba shi da shi. Maganin wannan ba ta ƙara sauri ba ne. Ta san farashin da ake sayar da aikinta, masu ɗinki su haɗa kai su yi ciniki da murya ɗaya, su kuma nemi hanyar isa ga mai saye kai tsaye, abin da waya ta sauƙaƙa yanzu.

Auki da riba abu ɗaya ne?

Suna tafiya tare, amma kowa da hanyarsa. Riba tana bin farashi. A 2024 hatsi ya yi tsada, har wanda gonarsa ba ta yi kyau ba ya ga kuɗi. A 2025 farashi ya faɗi taki bai sauko ba, manoma da yawa suka koka. Farashin kasuwa ba ya hannun manomi. Buhu nawa hektarsa za ta bayar, da nawa kowane buhu ya ci masa, nan ne yake da ta cewa, kuma mai auki ne yake iya jure shekarar da kasuwa ta karye.

Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti fa, da me za a auna su?

Nan sai an yi hattara, domin ma'auni mara kyau ɓarna yake haifarwa. In aka ce malamin da ya fi yawan ɗalibai a aji shi ya fi auki, to a cusa yara ɗari a ɗaki ɗaya a ce an ci nasara. In aka auna likita da yawan waɗanda ya gani, zai sallami mara lafiya kafin ya gama bayani. Abin dubawa shi ne abin da aka kafa aikin dominsa: yara nawa suka iya karatu a ƙarshen shekara, marasa lafiya nawa suka warke ba su dawo da ciwon ba, kwana nawa fayil yake yi kafin a sa masa hannu.

Aikin da mata suke yi a gida yana shiga wannan lissafi?

A lissafin tattalin arzikin ƙasa, girki da raino da wanki na cikin gida ba sa shiga, tunda ba a biya. Wannan gibi ne a lissafin, aikin kuwa yana nan. Kuma babu inda ƙaramin sauyi yake yin tasiri kamar nan. Injin markaɗe a unguwa, famfo kusa da gida, murhun da ba ya cin itace da yawa, kowannensu yana mayar wa mace awanni. Awannin nan su ne suke zama awara, ƙuli-ƙuli, ɗinkin hula, ko zuwa Islamiyya. Maigidan da ya sauƙaƙa wa iyalinsa ruwa da makamashi jari ya zuba, ko bai kira shi da sunan ba.

Akwai hukumar da ke kula da wannan a Najeriya?

Akwai cibiya ta ƙasa mai suna National Productivity Centre, wadda aka kafa da dokar soja a 1987, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ita ce kuma take shirya lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa mutane da kamfanonin da suka yi fice a aiki. Ga manomi da makiyayi a nan, waɗanda suka fi kusa su ne IAR, da NAERLS mai kula da wayar da kan manoma, da NAPRI ta Shika mai binciken dabbobi, wadda ta fitar da kazar ƙwai ShikaBrown.

Ina matsayin albarka a cikin duk wannan lissafi?

Wasu suna jin kamar ƙirge-ƙirge yana kore albarka. Ban ga haka ba. Manomin da zai fitar da zakka dole ya san abin da ya girbe, ɗan kasuwa ma haka. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonsu, kuma malamai suna yawan tunatar da mu cewa Allah yana son wanda ya kyautata aikinsa. Ruwan sama da lafiya da kasuwa na Allah ne. Binne taki da cika alƙawarin ranar karɓar ɗinki kuwa an bar mana su. Akwai kuma iyaka: aukin da aka samu ta tauye mudu, ko danne haƙƙin ɗan ƙwadago, ko sa yaron shago aiki dare da rana ba tare da an koya masa sana'ar ba, wani ne ya biya shi da guminsa.

Ba ni da jarin sayen inji. Daga ina zan fara?

Daga inda lokaci da kaya suke zurarewa. Kafinta ya duba sau nawa yake barin aiki ya tafi kasuwa sayen ƙusa ko gam, ya haɗa sayayyar mako a fita ɗaya. Tela ya yanka ɗinki iri ɗaya a zama ɗaya, ya ware aikin da ke buƙatar wuta ya yi shi lokacin da ta zo, na hannu kuma lokacin da aka ɗauke, ya kuma daina karɓar abin da ya san ba zai gama ba. Kayan aiki su zama a gyare: almakashi mai kaifi, keken da aka sa wa mai, fartanyar da maƙeri ya koɗa.

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a haɗa hannu. Manoma goma suna iya hayar injin casa rana ɗaya, ko su sayi taki a sari tun rani kafin farashi ya hau. Wanda kuma yake shakkar sabon iri, kada ya sa gonarsa duka a gwaji. Ya ware kunya ashirin a gefe, ya shuka sabon irin da tazarar da aka faɗa, ya binne takinsa a kan lokaci, ya ware wasu kunya ashirin masu tsawo ɗaya ya yi musu yadda ya saba. Da kaka ya girbe kowanne daban, ya casa daban, ya auna da tiya ɗaya, ya rubuta a littafinsa kafin ya yanke shawarar baɗi.